Madarumfa: mutane na ƙaruwa, gona ba ta ƙaruwa

Jama'a 'yan kasuwa, duk mai sayen zogale ko tumatir a kasuwar Maraɗi ya san hanyar Jiratawa. Wannan albarka daga ruwa take: Gulbin Maraɗi da ke fitowa daga Najeriya, da tafkin Madarumfa inda masunta ke samun abinci.

To amma ga inda gizo ke saƙa. Ƙidayar 2012 ta samu mutum fiye da 400.000 a gundumar, daga Gabi da Safo har Ɗan Isa da Sarkin Yamma. Gonar da uba ya noma shi kaɗai, yau 'ya'ya ke rabon ta taƙi-taƙi. Ruwan gulbin ma, tun da aka gina madatsar Jibiya, sai ya biya ta hannun maƙwabta kafin ya iso fadamarmu.

Shi ya sa matasa da yawa suka koma dogaro da iyaka. Da Najeriya ta rufe ta a 2019, aka sake rufewa a 2023, uwar gida mai ƙosai ta ji a jikinta kafin babban ɗan kasuwa, don shi yana da ajiya, ita kuwa cinikin yau ne tuwon dare.