Tayin 'Yan Inshora A Kan Motar Da Ta Halaka

Muna jawo hankalinku ga wani al'amari mai cin dukiyar jama'a a ɓoye. Idan mota ta yi hatsari, injiniyan kamfanin inshora ya ga kuɗin gyaranta ya kusa darajarta ko ya wuce, sai kamfani ya lissafa ta cikin halakakku, ya aiko da adadin da zai biya. Mutane da yawa sukan karɓi wannan adadi tamkar hukuncin alƙali, alhali kuwa tayi ne. Abin mamaki, wanda zai yini yana ja-in-ja a Kantin Kwari a kan turmin atamfa, shi ne zai sallama motar da ke ciyar da gidansa a tayin fari.

Maganarmu a kan cikakkiyar inshora ce, domin wadda doka ta wajabta ba ta biyan mai mota komai a kan motarsa, sai wanda ya yi wa ɓarna. Abin da kamfani ya yi alkawari shi ne ƙimar motar a kasuwa ranar hatsari. Masu karatun Risala sun san bambancin abin awo, wanda ake biya da mislinsa, da sauran kaya, waɗanda ake biya da ƙimarsu. Motar da ta yi aiki kayan ƙima ce, ƙima kuwa masana kasuwa ke faɗinta, kuma mai da'awa shi ake nema da hujja.

To, lalle ne mai mota ya je wurin dillalai uku ko huɗu, kowa ya rubuta masa farashin mota irin tasa, watau ƙira ɗaya, shekara ɗaya, tafiyarsu kuma ta yi kusa, ya sa kwanan wata da hatimi. Kada ya kwatanta wadda ta daɗe a hannu da 'yar Kwatano sabuwar sauka, domin injiniya zai rushe hujjar nan take. Sa'an nan ya haɗa takardar kwastan, da rasidin saye, da rahoton 'yan sanda, da hotunan motar tun tana lafiya. Inda muke da rauni shi ne rasidin gyara. Mutum ya sayi inji a Ƙofar Ruwa, makaniki ya ɗora, babu wanda ya rubuta ko harafi; a idon kamfani tsohon injin ne ke ciki. A koma wurinsu su rubuta gaskiyar abin da aka yi. A kuma nemi rahoton injiniyan kamfani a rubuce, a ga abin da ya zaftare da dalilinsa. Kafin a daidaita, kada a sa hannu a takardar sallama, domin ita ke rufe magana.

Amma hujja ba ta ƙetare adadin da aka rubuta a takardar inshora. Kafin watan Yuni na 2023, dala ba ta kai naira 500 a farashin Gwamnati ba, a 2024 kuwa ta haura 1,500, farashin motoci ya bi ta. Wanda ya yi ta sabunta inshorarsa a kan tsohon adadi, iyakar abin da zai samu ke nan.

Idan kamfani ya ƙi sauraro, sai a kai ƙara a rubuce ga NAICOM, hukumar da aka kafa a 1997 domin kula da kamfanonin inshora, har da na takaful. Bayanta kuma akwai kotu.