Kududdufan Birni Ba Juji Ba Ne



Duk wanda ya bi ta bayan Kasuwar Kurmi da rani ya san warin Jakara. Wannan rafi shi ke kwashe ruwan wanka, da na wanki, da na kwatamin gidajen cikin birni. Ya bi ta Fagge ya ɗauki jinin mahauta, ya wuce Sabon Gari, ya haɗu da rafin Getsi mai ɗauke da dattin masana'antun Bompai, sannan ya zube a madatsar Wasai. A kan hanya manoman rani suna jan sa suna ban ruwan latas, kabeji, karas da alayyahu. Abin da muka zubar a kwata, shi ke komowa cikin kwanonmu.

Ba za mu ga laifin manoman ba. Damina a Kano wata huɗu ce ko biyar, saura kuwa rani. Ruwan da ba ya yankewa shi ne wanda gari ke zubarwa. Tambayar ita ce, yaya za a tsabtace shi kafin ya kai gona?

Mu a ganinmu, rabin amsar tana cikin ganuwa. Kakannin Kanawa sun haƙi ƙasa sun gina gidaje da badala, ramukan suka zama kududdufai masu tare ruwan sama da na unguwa. Yau an cike da yawa an yi gini a kai, saura sun zama juji. Shi ya sa ruwa ke shiga ɗakuna a watan Agusta.

Masana suna da hanyar tace ruwa da tafkuna uku a jere, ba inji, ba lantarki. Na farko mai zurfin mita uku zuwa biyar, inda dauɗa ke kwantawa. Na biyu kamar mita ɗaya da rabi, inda gansakuka ke ba da iskar da ke ruɓar da ƙazanta. Na uku marar zurfi, inda hasken rana ke kashe ƙwayoyin cuta. Cikin makonni uku zuwa huɗu ruwan ya isa ban ruwa. Zafin da muke kuka da shi, shi ne ma'aikacin. Ƙasar Jodan, wadda ta fi mu ƙarancin ruwa, ta yi fiye da shekara 20 tana amfani da irin waɗannan tafkuna a As-Samra daga 1985.

Wani zai ce, sauro fa? Gaskiya ne. Tafkin da aka bar wa ciyawa da leda gidan sauro ne, amma wanda ake share bakinsa, aka kewaye shi saboda yara, dabam yake. Tafki kuma ba ya cire gubar majemu. Wannan hakkin masana'antu ne su tace nasu, hakkin hukuma ne ta tilasta musu.

A 2021 kwalara ta kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya, ta kashe fiye da 3,000, Kano kuwa tana cikin jihohin da suka fi jin jiki. Cuta ba ta tambayar unguwar mutum ko addininsa. Tun a Kubawar Shari'a 23 aka umarci jama'a su keɓe wurin bayan gida a wajen zango, su kuma rufe shi.

Saboda haka muna roƙon dattawan ikilisiya su fara daga harabarmu. A duba nisan salga da rijiya. Mita 30 ake so. A haƙa rami a cika da tsakuwa domin ruwan wanka, kada a sake shi kan titi. Zumuntar Mata su ƙara jan hankali a kan wanke ganye da ruwa mai tsabta. Sa'an nan mu je wurin masu unguwa tare da maƙwabtanmu, mu roƙi hukuma ta hana cike sauran kududdufan, ta gwada gyara ko da guda ɗaya. Ƙanƙantar yawanmu ba ta hana mu yin wannan ba.

Ubangiji ya ba mu hikima. Amin.