Rikicin fasahar kare ƙarfe daga wuta: abin da maƙeran Arewa za su karanta a ciki

A cikin injin jirgin sama, zafin iskar da ke bugun fukafukan injin yakan kai inda ƙarfensu zai narke. Abin da ke tsare su shi ne iskar sanyaya da wani shafi irin na tangaran, wanda kaurinsa bai kai milimita 1 ba. Wannan shafi dukiya ce. A shekarun 1990, kamfanin United Technologies, mai Pratt & Whitney, ya yi ta shari'a da kamfanin gyara Chromalloy a kotunan Amurka kan wa ke da ikon gyara sassan injin da irin wannan fasaha.

Mai walda a Dogon Dutsi ko Tibiri zai ce ina ruwansa. Da ruwansa, domin wanda ke liƙa yumɓu cikin murhun ƙarfe don kada gawayi ya cinye shi, matsala guda yake magancewa, kuma doka guda ce ta shafe su.

Takardar mallakar ƙirƙira, wato brevet, tana aiki ne a ƙasar da aka yi rajistarta kaɗai. Nijar na cikin ƙasashe 17 na hukumar OAPI mai mazauni a Yawunde, bisa yarjejeniyar Bangi ta 1977. Fasahar da ba a yi wa rajista a can ba, maƙerinmu na iya kwaikwayonta ya sayar a nan. Wadda aka yi wa ma, shekara 20 take yi ta zama ta kowa.

Sai dai takobin kaifi biyu gare shi. OAPI ba ta karɓar abin da ba sabo ba. Wanda ya baza ƙirarsa a kasuwa kafin ya kai takarda ga hukumar AN2PI a Yamai, yana iya rasa haƙƙinsa. Ƙaramar dabara ma tana da rajistarta, ta shekara 10.

Mun ga misali a kan albasa. Kamfanin Tropicasem na Senegal ya nemi rajistar irin Violet de Galmi a OAPI, sai da manoma da hukumomin Nijar suka tashi tsaye kafin sunan ya tsira.

Da wuya maƙeri guda ya iya ɗaukar kuɗin rajista da zirga-zirgar Yamai. Nan ne ƙungiyoyin masu sana'ar hannu na jihar Doso ya kamata su shigo, su tattara ƙirƙirar membobinsu kafin wani ya riga su.