Sharhi: Shin barkono da ciyawar teku za su iya maye gurbin guba a fentin jiragen ruwa?

Duk jirgin ruwan da ya daɗe a teku, gansakuka da ƙananan halittu masu ɓawo kan manne a ƙarƙashinsa, su rage masa gudu, su ƙara masa shan mai. Hukumar IMO mai kula da sufurin teku a Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce gansakuka mai kaurin rabin milimita, idan ta rufe rabin ƙasan jirgi, na iya ƙara hayaƙinsa da kusan kashi 25 cikin 100. Kuɗin man nan yana shiga farashin dakon kaya, har da shinkafa da magungunan da ke sauka a Lome kafin su iso Nijar.

Shekaru da dama an yi maganin matsalar da fenti mai guba. Sinadarin TBT ya yi aiki sosai, amma ya kashe kiwon kawa a gaɓar Arcachon ta Faransa, ya kuma sa matan dodon koɗin teku fitar da gaɓoɓin maza. Faransa ta hana shafa shi a ƙananan jirage a 1982, sannan yarjejeniyar IMO ta 2001 da ta haramta shi ta fara aiki a 2008. Yau jan ƙarfe ne ya mamaye kasuwar, shi ma yana taruwa a laka a tashoshin jirage.

Shi ya sa masu bincike suka koma ga halittun da ke kare kansu da kansu. Wata jar ciyawar teku ta Ostireliya, Delisea pulchra, tana fitar da sinadarin da ke hana ƙwayoyin bakteriya haɗuwa a jikinta. A Hong Kong an samo wani daga bakteriyar ƙarƙashin teku. An ma gwada sinadarin da ke sa barkono yaji. Manufar ita ce a kori halittun ba tare da an kashe su ba.

Sai dai da sauran rina a kaba. Abin da ciyawar ke samarwa ɗan kaɗan ne, dole a haɗa irinsa a masana'anta cikin rahusa. Babban jirgi kan yi kimanin shekaru biyar kafin a fitar da shi a sake masa fenti, alhali sinadaran halitta kan narke da wuri. Kuma fitowa daga tsiro ba ta wanke sinadari daga zargi: dole hukumomi su gwada illarsa ga kifi kafin su ba shi lasisi, gwajin da ke cin shekaru da maƙudan kuɗi. TBT ma da yabo aka tarbe shi.