Kwal da Jarin Baƙi: A Duba Kafin a Sa Hannu

Duk lokacin da wutar lantarki ta ɗauke a ƙasa baki ɗaya, sai maganar kwal ta sake tasowa. Masu wannan magana suna cewa Allah Ya hore wa Nijeriya kwal a Inugu, da Okaba ta Jihar Kogi, da Maiganga ta Jihar Gombe, don haka abin da ya rage shi ne a gayyato kamfanonin ƙetare su zuba jari, su gina manyan tashoshi, duhu ya kau. Ra'ayina shi ne, a halin da muke ciki, ɗauko jarin waje domin gina babbar tashar kwal zai ɗora wa ƙasa bashi mai nauyi ba tare da wuta ta ƙaru a gidajen jama'a ba.

Da farko ya kamata ɗalibi ya bambance kwal da gawayi. Gawayi itace ne da aka ƙona. Shi kuwa kwal ma'adini ne, ragowar tsirran da ƙasa ta binne shekaru miliyoyi. A tashar lantarki ana niƙa shi a ƙona, zafinsa ya tafasa ruwa, tururin ya juya wata babbar fanka da ake kira turbin, ita kuma ta juya janareta. Kimanin kashi ɗaya cikin uku na zafin ne kawai ke zama lantarki a tsofaffin tashoshi, sauran ya bi iska da ruwan sanyaya injuna. Kowane kilowat-awa ɗaya yana fitar da kusan kilo ɗaya na iskar kabon dayoksaid, wato kusan ninki biyu na abin da tashar gas ke fitarwa, ban da toka da hayaƙin farar wuta mai cutar da huhu.

Masu goyon bayan kwal suna da hujjoji masu ƙarfi, kuma adalci ne a faɗe su. Tashar kwal tana aiki dare da rana, rani da damina, alhali ruwan Kainji da Shiroro yakan ja baya da rani, bututun gas kuma ɓarayi kan fasa shi. Sin da Indiya da kwal suka gina masana'antunsu. Nahiyar Afirka duka ba ta fitar da ko kashi 4 cikin 100 na hayaƙin da ke ɗumama duniya, saboda haka wa'azin da ƙasashen Turai ke yi mata yana da ɗaci. Mu ma ba baƙin kwal ba ne: an gano shi a Inugu a 1909, aka fara haƙarsa a 1916, tashar Oji kuma ta fara ba da wuta da shi a 1956, kafin jiragen ƙasa su koma shan dizal, yaƙin basasa kuma ya durƙusar da mahaƙan.

To amma sai an gano cuta kafin a nemi magani. Tashoshin da Nijeriya ke da su a yau, a kan takarda, suna iya ba da kimanin megawat 13,000, amma abin da ke isa ga jama'a yakan tsaya tsakanin 4,000 da 5,000. Injuna da dama suna zaune babu gas, manyan layukan wuta sun tsufa, miliyoyin gidaje ba su da mita, kamfanonin rarraba wuta kuma, tun da aka sayar da su a 2013, ba sa tara isassun kuɗin da za a biya masu samar da ita. Wanda tulunsa ke yoyo, ƙarin rijiya ba zai kashe masa ƙishirwa ba.

Abu na biyu shi ne irin yarjejeniyar da mai jari ke nema. Ba zai kawo dala biliyan ɗaya ko biyu ba sai gwamnati ta yi alkawarin biyansa da dala har shekara 20 ko fiye, ko an sha wutar ko ba a sha ba. Ghana ta ɗanɗana wannan da tashoshin gas da mai: a 2019 gwamnatinta ta bayyana cewa tana biyan kimanin dala miliyan 500 a shekara kan wutar da ba ta amfani da ita. Ɗalibi ya ɗauki alƙalami ya yi lissafi. A 2015 dala ɗaya tana kusan naira 200, a 2024 ta haura naira 1,500. Bashin da aka ƙulla da dala ya ninka fiye da sau bakwai, alhali mai shago da naira yake biyan kuɗin wuta.

Abu na uku, masu ba da rancen kansu sun fara ja da baya. A watan Satumba na 2021 Shugaba Xi Jinping ya shaida wa Majalisar Ɗinkin Duniya cewa Sin ta daina gina sababbin tashoshin kwal a ƙasashen waje. A Kenya, kotun kare muhalli ta soke lasisin tashar Lamu mai megawat 1,050 a 2019, aikin ya tsaya. A Afirka ta Kudu kuwa, an fara ginin tashar Medupi a 2007, Bankin Duniya ya ba da rancen dala biliyan 3.75 a 2010, ba a kammala ta ba sai 2021, kuma duk da haka a 2023 ƙasar ta sha ɗauke wuta irin wanda ba ta taɓa gani ba. Idan masu ba da rance sun yi ƙaranci, wanda ya rage zai tsawwala ruwa da sharuɗɗa.

Wannan ba ya nufin a haramta kwal. Maƙwabciyarmu Nijar tana da misali mai kyau a Anu Araren, kusa da Agadas, inda kamfanin SONICHAR, wanda gwamnati ke da kaso mafi tsoka a cikinsa, ke tafiyar da ƙaramar tasha mai kimanin megawat 37 tun 1981. Kwal ɗin yana nan kusa, masu sayen wutar, wato mahaƙan yuraniyom na Arlit da garuruwan yankin, su ma suna nan kusa. Irin wannan tsari, ƙaramar tasha a bakin mahaƙa tare da masana'antar da ta ɗauki nauyin biya, shi ne ya dace da mu, kuma dokar lantarki ta 2023 ta buɗe wa jihohi wannan ƙofa. Babban jarin waje kuwa a karkata shi ga layukan wuta, da taransifoma, da mitoci, da bututun gas, da hasken rana da Arewa ke da shi a wadace.

Ina kira ga malamai su kai wannan muhawara aji. Idan aka ji labarin wata sabuwar yarjejeniya, ɗalibai su tambaya: da wane kuɗi za a biya, har shekara nawa, wa zai biya idan layi ya kasa ɗaukar wutar, daga ina ruwan sanyaya injuna zai fito, kuma a gonar wa za a jibge tokar? Yarjejeniyar da aka sa wa hannu bana, ɗalibin da ke aji uku a yau shi zai ci gaba da biyanta har ya aurar da 'ya'yansa.