Kwale-kwale da Biki a Bakin Tafki

Wannan mako zan kai ku nesa, ƙasar Kanada, inda na yi wani kos na malanta. Can na ga abu biyu cikin mako guda, watau yawon kwale-kwale a daji da bikin aure a bakin tafki. Wanda ya ga hotunansu sai ya ce hutu ne zalla, ni kuwa da na leƙa bayan hoton, lissafi na tarar da tanadi, irin wanda kowace uwargida ta sani.

A lardin Ontariyo, arewa da birnin Toronto, tafiyar kamar awa uku a mota, akwai gandun daji da a ke kira Algonkwin. Tun 1893 gwamnati ta keɓe shi, tafkunan cikinsa kuwa sun fi 2,000. Mota ba ta kai tsakiyarsa, sai kwale-kwale ko ƙafa. Mun je da kaka, ƙarshen Satumba. Kakarsu sanyi ta ke jawowa. Ganyen wani itace, wanda hotonsa ke jikin tutar ƙasar, sai ya rikiɗa ya yi ja wur, kamar an sa wa dajin lalle. Sauro kuma duk ya ƙare.

Mu huɗu muka tafi, duk mata, da kwale-kwale biyu, kwana uku. Kada ku yi mamakin mata a wannan harka. Mutanen ƙasar na asali, waɗanda dajin ya ci sunansu, da ɓawon itace su ke yin jirginsu, mata kuwa su ne masu ɗinke ɓawon da saiwa, su liƙe shi da ƙaro.

Daren da za mu tashi, shugabar tafiyarmu ta zazzage jakata a ƙasa. Ta ware zannuwana na auduga gefe, ta ce auduga in ta jiƙe ba ta bushewa da wuri, tana janye ɗumin jiki, sai in ɗauki na ulu. Na ji haushi ƙwarai, amma kashegari na gane. Tafkunan ba a haɗe su ke duka ba. In kun kai ƙarshen ɗaya sai a sauke kaya, ɗayanku ta kifa jirgin a kanta, wani katako da ke tsakiyarsa ya zauna mata a kafaɗa, a bi 'yar hanya cikin itatuwa har tafki na gaba. A bakin kowace hanya akwai allo rawaya da aka rubuta tsawonta. To, duk abin da kika ɗauko daga gida, bayanki ne zai biya.

Ku 'yan makaranta masu gudun lissafi, ga naku. Mutum 4, ci uku a rana, kwana 3, ya kama ci 36, kowanne kuwa sai da muka auna shi muka ƙulle daban, domin babu kanti a daji, kuma an hana shiga da abincin gwangwani da na kwalba. Da dare a kan tattara abincin duka, har man goge baki, a rataye a reshe mai tsawo nesa da tanti, saboda wata ƙatuwar baƙar dabba da a ke kira beyar, wadda ke jin ƙanshi daga nesa.

Amma ba beyar ce abin tsoro na gaske ba, ruwan ne. Da kaka ya yi sanyin da in mutum ya faɗa ciki, nan da nan hannu ya sandare, ko gwanin iyo ne. Doka ta ce kowa ya kasance da rigar hana nutsewa a jirgi, mu kuwa ba mu tuɓe tamu ba sai a tudu. A cikin dajin nan ne shahararren mai zanen hotuna Tom Thomson ya rasu a watan Yuli 1917, aka ga jirginsa a kife, ga shi kuwa ya saba da ruwan. Rana ta biyu iska ta taso, muka zauna a gaɓa tun hantsi har la'asar muna shan shayi, ba wadda ta yi gardama.

Da muka fito, muka sauka a wani masauki na bakin tafki, muka tarar ana shirin biki ran Asabar. Matar da ke riƙe da wurin ta yarda na shiga ɗakin girki ina kallo. Ta ce an kama ranar fiye da shekara guda da ta wuce, domin Asabar ɗin da ganye ke ja ba su da yawa, kowa kuwa su ya ke so. Duk wanda aka aika wa katin gayya sai ya amsa ko zai zo, ya kuma faɗi abin da ba ya ci. Baƙi 80 ne, kujera 80, kowace da sunan mai ita.

Wuri biyu ta shirya, ɗaya a gaɓa, ɗaya a babban ɗakin cin abinci, don ba a yarda da sararin kaka. Ta ɗora bargo a kan kowace kujera. Ta sa an matso da ɗaurin auren ƙarfe uku, da ya ke rana kan faɗi kafin bakwai. Amarya ta iso a kwale-kwale, mahaifinta ke tuƙa ta. Ana gamawa yayyafi ya sauko, jama'a suka koma ciki suka tarar da komai a jere, ba wanda ya ɗaga murya.

Abin da ya burge ni shi ne tun kafin a dafa komai ango da amarya sun san abin da za su biya. Amma ba zan ɓoye muku ba, wurin ya yi mini shiru. Ba maƙwabta, ba yara masu leƙe, har wata tsohuwa ta ce mini an bar jikokinta a gida don babu sunansu a kati. Wannan kam bai kwanta mini ba.

Da dare, ana wanke-wanke, na ce wa matar, "Ranki ya daɗe, in wani ɗan'uwa ya zo ba a rubuta shi ba fa, korarsa a ke yi?" Ta yi dariya, ta ja ni bayan ƙofa, ta nuna mini kujera biyar a jingine, da faranti biyar a rufe. Ta ce kowane biki haka ta ke yi, ba ta kuwa taɓa gaya wa masu biki ba. Ran nan uku aka ci.