Wandon Ƙarfe da Rairayin Magaria

Ya kai mai karatu, ko ka taɓa jin labarin wandon ƙarfe? Ni dai a salular wani ɗalibina na fara ganinsa. Wata na'ura ce da ake ɗaura wa mutum tun daga ƙugu har tafin ƙafa. Tana da ƙananan injina a ƙugu da gwiwa, da batir mai ba su ƙarfi. Wanda ƙafafunsa suka mutu, in an ɗaura masa ita, sai ya miƙe tsaye. In ya ɗan karkata gaba, sai injin ya ɗaga masa ƙafa ya taka. Amma dole ya riƙe sanduna biyu don kada ya faɗi.

Wannan ba tatsuniya ba ce. Wani mutumin Isra'ila mai suna Amit Goffer ya yi hatsari a 1997, jikinsa ya shanye. Shi ne ya ƙera wadda ake kira ReWalk. Abin tausayi, shi kansa bai iya tafiya da ita ba, domin hannayensa ma ba su da ƙarfin riƙe sanda. A 2012 wata mata a Ingila, Claire Lomas, ta yi tafiyar kilomita 42 da ita cikin kwana 17. A Japan kuma, inda tsofaffi suka yi yawa, akwai wata mai suna HAL.

Wallahi na ji daɗin ganin abin. Wanda ya shekara goma a zaune ya tashi ya dubi mutane ido da ido, ai ba ƙaramin abu ba ne.

To, amma mu dawo gida. Lokacin da Amurka ta yarda a yi amfani da ReWalk a cikin gida, a 2014, kuɗinta wajen dala dubu 70 ne. Dalar Amurka fa nake nufi, ba dalarmu ta kasuwa ba. Wajen miliyan 40 na sefa ke nan. Gero tiya nawa za ka sayar? Nauyinta ya wuce kilo 20. Kullum sai an yi mata caji, mu kuwa a ƙauyukanmu salula ma sai an kai ta wurin mai caji. Babbar matsalar ita ce ƙasa. Wannan na'ura daɓe take so, mai tauri, mai laushin tafiya. Kai da ka san hanyoyin ƙauyukan Magaria da Dungass, ka san rairayin da ke kafe amalanke, balle ƙafar ƙarfe. In ta lalace kuma, wa zai gyara ta? Mai gyaran babur?

A ajinmu na yaƙi da jahilci akwai wani magidanci da shan inna ya kama tun yana yaro. Da silifa a hannu yake rarrafowa, rana ko sanyi, kuma ya fi kowa iya rubutu. Da na nuna masa hoton, sai ya yi dariya ya ce shi keken guragu ya ishe shi, irin mai ƙafa uku da ake tuƙawa da hannu. Irin wannan keke masu walda na iya haɗa shi da bututun ƙarfe da tayoyin keke. In sarƙa ta tsinke, a nan kasuwa za a gyara.

Shi ya sa nake ganin kada mu zauna jiran wandon ƙarfe. Ƙungiyarku ta adashi na iya tara kuɗin keke ɗaya. Kafinta na iya yi wa tsohuwarka sanda daidai tsawonta. Kuma in masu rigakafi sun zo ƙofar gida, ka fito da yaranka. A 2020 an ce Afirka ta rabu da asalin ƙwayar shan inna, amma akwai wani nau'inta da ke sake ɓullowa inda ba a yi wa yara rigakafi sosai ba, kamar yadda aka gani a nan Magaria a 2018.

Mu a ajinmu mun fara karo-karo, kowa dala ashirin duk mako. Mun kuma sare dokin ƙofar ajin, don keken ya samu shiga in ya zo.